Daren da Hita Ta Mutu a Abha

Ƙarfe biyun dare na haska tocila, ba su taso ba.
Kullum su huɗu sukan zo,
baki a jikin gilashi kamar masu bin bashi.
Yau sun lafe a ƙasan tanki,
babban, mai ɗigon ja a wutsiya, ya jingina da dutse.

Na taɓa gilashin da bayan hannu:
randa ce a inuwa.
Ma'auni ya ce sha tara.
Ashirin da shida Dakta Mushabbab ya rubuta,
ya manna a bango kusa da hoton haƙori,
ranar da ya damƙa mini makullin asibiti
ya gangara Jidda taron likitoci.

A waje gajimare ya sauko yana yawo a titi,
don a garin nan ƙasa yake kwana.
Sanyi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa bai yi sallama ba.

'Yar fitilar hita, mai ruwan lemo, ta mutu.
Na zare fulogi, na soka cajar wayata a ramin,
waya ta yi ƙara.
To, bango ba shi da laifi.
Na mayar, na murɗa lamba har talatin,
na kasa kunne ko zan ji ƙas ɗin nan da take yi.
Sai kumfar iska kaɗai, ɓul, ɓul.

Muƙbil, Bayamanen da ke sayar da kifin ado,
ya taɓa riƙe mini wuyan hannu a shagonsa:
“Kashe wuta kafin yatsa ya shiga ruwa.
Ba ta rubu'in awa ta huce.
Gilashi mai zafi ba ya shiri da iska.”
Na kashe. Na jira, ko da na san a sanyaye take.
Na ɗago ta, na juya a gaban tocila,
ga tsaga kamar silin gashi,
ga raɓa ta taru a cikin kwalbar.

Sai na ga layin da ke wuyanta,
inda ruwa bai kamata ya sauka ba.
Ya sauka da yatsa biyu.
Kwana uku ina ganin ya ragu
ina cewa gobe.

Ba na tsayawa zargin kai, dare na tafiya.
Na ɗora buta, na sirka, na cika gorar roba biyu,
na ɗaure bakinsu tam, na sake su suna iyo a sama.
Zuciya ta ce juye tafasasshen a huta.
Na ce mata farfesu ake yi da haka.
Na ɗauko bargona, guda ɗayan,
na lulluɓe tankin, na bar kafa don numfashi.

Da Baba Ɗangaladima zai leƙo daga Yawuri,
shi da taru ya ci masa tafin hannu,
da ya yi dariya har hula ta faɗi:
jikan Sarkawa na jinyar kifi,
ya ba su mayafi yana karkarwa a kujerar roba.
Baba, waɗannan ma kawo su aka yi.
Ruwan da aka haife su ba ya sanyi.

Gora ta huce, na sake.
Ta huce, na sake.
Ashirin.
Ashirin da ɗaya, ya tsaya nan har na fara gyangyaɗi.

Da ladan ya ɗaga murya daga masallacin gangare
na ɗaga gefen bargo.
Ashirin da uku.
Mai ɗigon ja ya taso, ya buɗe baki yana tambaya,
biyu na biye da shi a kasale.
Ƙaramin yana ƙasa, kunnensa na motsi kaɗan-kaɗan.

Muƙbil ba ya buɗewa sai tara.
Na ƙirga riyal ɗin aljihuna, arba'in da bakwai,
na sake ɗora buta.